Idon Yagana da Kunyar Ƴar Fari

Da sunan Allah mai saukar da cuta, mai saukar da maganinta. Sunana Rabi, haihuwar Gaffati ce ni, aure ya kawo ni Birni cikin Damagaram. Jinyar idon ƴata ta fari nake so in ba da labari. Ni ba gwanar rubutu ba ce, a kolej, wato ƙaramar sakandare, karatuna ya tsaya. Amma kullum ina ganin yara mata masu cikin fari suna wucewa ta lungunmu za su awo, sai in ji ba zan iya yin shiru ba. Shiru kuwa na iya shi ƙwarai, za ku gani a gaba.

A gidan iyayena na haihu, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Wanda bai san al'adarmu ba, bari in gaya masa. Uwa a wurinmu kunyar ɗanta na fari take ji. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in za ta ba shi nono sai an matsa mata, ta karɓa tana kallon bango kamar ɗan maƙwabta aka ba ta ajiya. Wadda ta fi iya wannan ita ce mai tarbiyya. Ni kam na sha yabo. Gwaggo Hansatu, ƙanwar babana, har cewa take yi a kawo ƴan matan zamani su ɗauki darasi a wurina, ni kuma ina sunkuyar da kai ina jin daɗi a raina.

Dangin mijina Barebari ne. Aka sa wa jaririya sunan uwarsa, Hajiya Fanna, shi ya sa kowa ke kiranta Yagana, wato ƙaramar uwa da yarensu. Ni "yarinyar" kawai nake cewa.

Bayan suna da ƴan kwanaki na ga wani ɗan jan ɗigo a fatar idonta ta sama, wajen hagu, kamar cizon sauro. To, ta yaya na gani alhali bango nake kallo? Ai wuyana kawai ke kallon bango. Da zarar ɗaki ya zama daga ni sai ita, na kan ƙura mata ido in ƙirga har gashin girarta. Cizon sauro kan baje, wannan bai baje ba. Ya yi faɗi, ya ɗan taso, ya yi ja jawur. Na kuma lura in ta yi kuka yakan ƙara kumbura ya yi duhu, in ta yi barci ya ɗan kwanta. In na taɓa shi da yatsa laushi gare shi da ɗan ɗumi, ba ta kuma jin zafi.

Wata safiya bayan wankan jego, Inna, mahaifiyata, tana shafa mata man shanu, na daure na ce, "Inna, idon nan kamar..."

Ban ƙarasa ba Gwaggo Hansatu ta tafa hannu. "Ahaf! Yau ga abin da ya fi ƙarfina. Rabi har ta san ƴarta na da ido? Ku zo ku ji, mun yi yabo da wuri!"

Matan da ke tsakar gida suka kwashe da dariya. Inna ta duba ta ce tawadar Allah ce, kowa da irin tasa, wata ma takan ɓace da kanta. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, na yi wa kaina alkawarin ba za a sake yi mini irin wannan dariyar ba. Da wasa Gwaggo ta yi maganar, na sani, ba ta da mugun nufi. Amma wasan nan ya ɗaure mini baki wata da watanni.

Da muka yi arba'in aka maido ni Birni. Tun a zaure Hajiya Fanna ta karɓi takwararta, daga nan kuma ɗakinta ya zama ɗakin yarinya. Ita ke yi mata wanka, ita ke goyo, ni sai in nono ya tashi a aiko a kira ni. Hajiya mace ce mai kirki da tsafta, ɗakinta ba ya rabuwa da ƙamshin turaren wuta, tana kuma son yarinyar kamar ranta. Sai dai idonta ya fara rauni, ga shi ba ta ga farkon abin ba. A lokacin ya kai girman ƙwayar magarya, ita a zatonta haka aka haife ta da shi.

Wata na biyu zuwa na uku abin ya yi gudu kamar ana hura shi. Ya wuce magarya ya kama hanyar dabino, fatar idon ta yi nauyi ta sauko. Da farko rabin idon ake gani, daga baya sai ɗan siririn tsagi. In ana yi mata wasa sai ta karkata kai ta kalli mutum da na dama. Duk wannan a kan idona.

Masu ba da shawara kuwa ba su yi ƙaranci ba. Wata ta ce a yawaita kwalli. Wata ta kawo rubutu a shafa. Wata maƙwabciya ta ce kambun baka ne, a daina fita da ita, Hajiya ta ɗinka mata hula mai saukowa har gira, in baƙi sun zo a ce tana barci. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce matar wan mijina, da ta ce a gaban jama'a wai kwaɗayina ne. Wai ina da ciki na ga hanta a tukubar mai nama, raina ya biya, ban samu ba na sosa ido, shi ne hantar ta fito wa yarinya. Mata suka yi ta gyaɗa kai suna kallona. Wallahi ko ƙaunar hanta ba na yi. Amma mai ƴar fari ba ta tsayawa gardama a kan ƴarta, sai na tashi na shiga madafa.

Maigidana sayen gyaɗa yake yi, rabin mako yana Droum da ƙauyukan kewaye. Shi ma ƴar farinsa ce, kunyar da nake ji yana jin irinta a gaban uwarsa. Na taɓa ce masa, "Malam, da an kai yarinyar nan asibiti." Ya ce, "Tana hannun Hajiya. In na yi magana kamar na ce ba ta iya riƙo ba ne." Muka kalli juna, manya biyu masu hankali, kowa na jiran ɗan'uwansa ya yi rashin kunya.

A cikin wata na huɗu Hajiya ta kira wanzami. An ce mata mataccen jini ne ya taru, in an ɗan tsaga ya fita shi ke nan. Al'ada ba ta yarda uwa ta tsaya a wurin ba, sai na laɓe bayan ƙofar ɗakina. Na ji ƙarar da ta ƙwalla, na ji wanzami na cewa a kawo tsumma, can ya sake cewa a ƙaro wani. Sai muryar Hajiya tana salati ba ƙaƙƙautawa. Da na leƙo na ga jini ya jiƙe gaban zanenta, ja mai kyau, ba wani matacce. Ɗan tsagin bai kai tsawon farce ba, amma jinin ya ƙi tsayawa.

Muka tari adaidaita zuwa disfansar, ƙaramin asibitin unguwa, Hajiya na danne da wurin da ɗankwalinta. Majo, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, ya danna auduga ya riƙe har jinin ya tsaya, yana yi yana zazzaga faɗa. "Ido ne fa! Ido za ku sa wa aska? Wace ce uwar yarinyar nan?" Hajiya ta ce, "Ni ce." Ban musa ba. Na gode masa har gobe don ya tsai da jinin, amma faɗan nasa da ya rage kaɗan ya yi tambaya, wataƙila da ya ji wani abu. Ya ce mu wuce babban asibiti, sashen ido.

Layin sashen ido sai wanda ya gani. Tsofaffi masu yanar ido, ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, masu neman tabarau, mutanen ƙauye da suka kwana a hanya, kowa a kan benci ko a ƙasa. Mun zo da sassafe, ba a kira mu ba sai bayan azahar. Hajiya ce ta shiga riƙe da yarinya, ni ina biye da jaka da buta kamar ƴar rakiya.

Likitan wani dogo ne mai magana a hankali. Ya haska ƴar fitila, ya ɗaga fatar idon da yatsa, ya daddanna gefen ƙullutun. Sannan ya fara tambaya. Yaushe ya fito? Hajiya ta ce da shi aka haife ta. Yana ƙaruwa? Ta ce ai tsagar wanzami ce ta kumbura shi haka. In ta yi kuka yana canzawa? Ta ce ita ba ta ga wani canji ba. Ba ƙarya Hajiya ta yi niyya ba, abin da ta sani ke nan. Ni kuma ina tsaye a bayanta, amsar kowace tambaya tana nan a bakina daram. Likita ya ɗago ya dube ni ya ce, "Madam, ke fa?" Hajiya ta waiwayo. Na ce, "Yadda Hajiya ta faɗa."

Ya ce da wannan bayanin, ga kuma rauni da kumburi a kai, ba zai iya yanke ko mene ne ba. Abubuwa da dama kan fito a wurin, wanda aka haifi yaro da shi daban, wanda ya fito daga baya yana girma daban. Ya rubuta maganin rauni, ya ce mu yi ekografi, hoton nan da ake duba cikin masu juna biyu, sannan mu dawo.

Nan ne ƙorafina yake. Makon farko aka ce mai ɗaukar hoton ya yi tafiya. Mako na biyu inji ya lalace. Aka nuna mana wani wurin kuɗi a gari, sai da muka jira maigida ya dawo daga Droum ya sayar da buhun gyaɗar da ya ajiye don iri. Kafin mu koma wurin likita wata guda ya shuɗe, idon kuma ya rufe ruf, ko tsagin nan babu.

Ranar komawa likita ya daɗe yana duba hoton. Ya ce hoton ya nuna jini na gudana sosai a cikin abin, yana da zato mai ƙarfi, amma yana so ya ji tarihinsa daga bakin wanda ya ga farkonsa. Hajiya ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu cikin ladabi. "Hajiya, ki yi haƙuri. Wa ke ba ta nono?" Sai ya juyo gare ni ya faɗi maganar da har yau take kaina. "Madam, idon jariri koyon gani yake yi, kamar yadda ƙafa ke koyon tafiya. In aka rufe shi a watannin nan, ko an buɗe daga baya ba zai iya ba. Kowane mako da ya wuce, wani abu ya tafi. In kin san wani abu, yanzu ne lokacinsa."

Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba. Na ce ba da shi aka haife ta ba, fatar idonta sumul take ranar suna. Na faɗi ɗigon, na faɗi magarya da dabino, na faɗi yadda yake duhu in ta yi kuka ya kwanta in ta yi barci, da laushinsa da ɗuminsa, da makon da ta fara karkata kai. Ina magana ina kallon ƙasa, hawaye na ɗiga a kan takalmina. Likita yana ta rubutu. Da na gama ya ce, "To, ai kin gama mini aikin. Da na ji wannan a zuwan farko, da tun ranar mun fara shiri."

Ya ce sunan abin emanjiyom. Ƙananan jijiyoyin jini ne suka cure wuri ɗaya suna girma. Ba ciwon daji ba ne, ba maita ba, ba kuma abin da uwa ta ci ko ta yi kwaɗayi ba. Yakan fito bayan haihuwa, ya yi girma da sauri, daga baya ya riƙa janyewa da kansa cikin shekaru. Da a baya ko a cinya yake, da sai a bar shi a sa masa ido. Amma na fatar ido ba a jiransa, don kafin ya janye ya riga ya cinye ganin.

Muka hau adaidaita muka kamo hanyar gida har muka shigo lungunan Birni. Hajiya ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ashe duk kina kallonta." Na ce, "Ki gafarce ni, Hajiya." Ta ce, "Ni da na kira mai aska, ni za ki ba haƙuri?" Kunya biyu ta haɗe mini a ranar, ta maganar da na yi a gaban surukata da ta shirun da na yi kafin nan. Ta biyun ta fi nauyi nesa ba kusa ba.

Kafin a fara magani sai da likitan yara ya auna bugun zuciyarta da numfashinta, wani layin ke nan na yini guda. Maganin wai na hawan jinin manya ne, ake ba jarirai ɗan mitsitsi daidai nauyinsu. Ranar farko a asibiti aka ba ta, aka riƙe mu ana dubawa. Sharaɗinsa mai tsauri ne. Ba a ba ta da yunwa, sai ta sha nono ta ƙoshi. In ta ƙi nono, ko tana amai, ko ƙirjinta na kuka, a dakata a dawo asibiti. Wannan aiki ba mai iya shi sai mai nonon. Da yammar ranar Hajiya da kanta ta kwaso kayan yarinya ta kawo ɗakina, ta ajiye ta fita.

Sai ga ni da goyon ƴar fari a tsakar gida, ga ni da ita a layin awo duk wata, ga ni ina zagaya farmasi in maganin ya yanke a asibiti, abin da ya faru ba sau ɗaya ba. Matan unguwa suka samu abin taunawa. "Rabi an waye, an zama nasara." Na kan yi murmushi in wuce, amma kada in yi muku ƙarya, har lokacin kunyar na cina.

Maganin ya yi aiki, Alhamdu lillahi. Cikin mako biyu jan ya fara dusashewa, ƙullutun ya yi laushi kamar tumatirin da ya kwana. Wata safiya ina ba ta nono sai na ga ƙwayar idon hagun tana leƙowa. Na kira Hajiya da ƙarfi, abin da ban taɓa yi ba a gidan. Ta zo da gudu ba ɗankwali, ta duba, ta yi guɗa, maigida kuma ya fita ya sayo ƙosai ya raba wa yaran lungu sadaka.

Mun zaci an gama, ashe rabi aka yi. Likita ya ce idon ya buɗe amma ya yi lalaci, ga shi nauyin ƙullutun ya ɗan lanƙwasa shi. Sai an riƙa manne lafiyayyen da filasta na wani lokaci kowace rana, don a tilasta wa mai raunin aiki, daga baya kuma a sa tabarau. Ba mannewar kawai ba, sai an zauna gaba da gaba da ita ana yi mata wasa, ana nuna mata abu mai launi, don idon ya sami abin bi. Yarinya ta tsani filastar nan. Ta yi kuka, ta fizge, a sake mannawa. Hajiya ba ta iya jure kukan, sai ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Ni ce mai zama a tabarma ina kaɗa mata murfin kwano, ina gwalo, ina waƙar da ban san na iya ba. Haka muka yi shekaru, wani watan da ƙoƙari, wani watan zazzaɓi ko tafiya su katse mu.

Ina godiya ga likitan nan da bai gaji da mu ba, da Hajiya da ba ta taɓa goranta mini ba, da maigida da ya yi damina guda da irin aro. Ga masu cikin fari kuma, abin da zan ce kaɗan ne. In kin ga jan tabo kusa da idon jariri yana girma, kada a sa masa aska, kada a jira ya tafi da kansa, a kai shi wurin likitan ido. In an je kuma, wadda ta ga farkonsa ita za ta yi bayani, ko da a gaban wa. Ban ce a yar da al'ada ba. Ki kalli bango a gidan suna in kina so, amma ban da ɗakin likita.

Yanzu Yagana ta isa shiga lakwal. Ƙullutun ya tafi, sai ƴar yamutsewar fata da ba mai lura da ita sai an nuna masa. Idon dama garau yake. Na hagun kuwa, likita ya gaya mana a zuwanmu na bara cewa ya samu abin da zai samu, da wuya ya ƙara wani abin kirki, amma mu ci gaba da filastar tukuna. Ban tambaye shi ko watan nan na neman hoto ne ya jawo ba, ko watannin da suka gabace shi. Shi ma bai faɗa ba.

Da yake a bakin mutanen gida ta koyi magana, da sunana take kirana. Shekaranjiya da la'asar gidan cike da mata ana gyaran shinkafar wani biki, na manne mata filasta muka zauna. Na ɗaga yatsu na ce ta faɗi nawa ne. Ta karkata kai, ta ƙanƙance idon, ta daɗe tana nema. Sai ta ce, "Rabi, kin yi nisa. Matso in gan ki."

Tabarma ɗaya muke zaune a kai. Matan suka ɗago suna kallonmu, hannuwansu a cikin faranti. Na ja jiki na matsa har goshina ya taɓa nata.

Ta ce, "Yauwa. Ga ki nan."